Dillalin da Ya Tura Baƙo Wurin Magini

'Yan'uwa a cikin ikkilisiya, ku ji wani misali. A wani gari mai yawan baƙi, akwai wani mutum, dillalin gidaje, wanda ya tsufa a cikin sana'ar. Wurin zamansa wata rumfa ce a bakin kasuwa, inda dillalan garin suke taruwa tun da safe, kowa da makullan gidajen da aka ba shi amana. Mai gidan da yake neman ɗan haya nan yake zuwa, baƙon da yake neman inda zai sa haƙarƙarinsa shi ma nan yake zuwa. Dattijon nan shi ne babba a rumfar. Yana da abu guda da yake taƙama da shi, ba ya gajiya da faɗarsa ko ba a tambaye shi ba, wato tun da ya fara dillanci bai taɓa sa mutumin banza a gidan kowa ba. Gaskiya yake faɗa kuwa. Abin da ba ya faɗa shi ne inda mutanen banzan suke nufa bayan sun tashi daga gabansa.

Dillalan nan suna da wata al'ada, mai kyau ce kuma tun asalinta. In mai neman gida ya zo wurinka, ba ka da irin gidan da yake so, sai ka tura shi wurin ɗan'uwanka dillali, ka ce masa, "In ka je, ka ce ni na turo ka, kai mutumina ne." In ciniki ya faɗa, wanda aka tura wa yakan cire kaso daga la'adarsa ya kawo maka. Kason nan ba ladan nuna hanya ba ne, ladan shaida ne. Gama dillali yakan yi wa baƙo tambayoyi har ya gaji da amsawa: daga ina ya fito, mece ce sana'arsa, wa ya san shi a gari. Amma wanda ya zo da sunan ɗan'uwa ba a tambayarsa komai, don tambayarsa daidai take da cewa ɗan'uwan maƙaryaci ne.

A can ƙarshen garin, inda gidaje suka fara nisa da juna, akwai wani dillali da bai daɗe da shiga sana'ar ba. Dā magini ne. Ya faɗo daga kan gini, ƙafarsa ta karye, ta warke a karkace, bai ƙara iya hawa tsani ba. Dattijon ne ya ji tausayinsa, ya koya masa dillanci don ya sami abin ciyar da matarsa da 'ya'yansa. Mutane ba su daina kiransa Magini ba. Shi kuwa Baba yake kiran dattijon, in ya ji an faɗi sunansa har tashi tsaye yake yi a kan sandarsa.

Wata rana da hantsi sai ga wani baƙo a rumfar, mai tsabtar tufafi, mai sanyin murya. Ya gai da dattijon har da rusunawa, ya ce gida yake nema.

Duk wanda ya daɗe a sana'ar nan ya san abin da mai neman gida yake fara tambaya. Ruwa ne. Akwai rijiya? Tana ƙafewa da rani? Daga nan sai rufi, ko yana yoyo, sai banɗaki, sai kuɗi, a nan kuwa ko attajiri sai ya yi maka kukan talauci. Baƙon nan bai tambayi ko ɗaya ba. Tsawon katanga ya tambaya. Ya tambaya ko maƙwabta suna jin maganar cikin gida. Ya tambaya ko akwai hanya ta baya wadda take fita daji ba tare da ta ratsa gari ba. Daga ƙarshe, kamar abin da ya tuna a makare, ya ce zai so a sami ɗaki guda wanda ƙofarsa take kulluwa ta waje.

"Saboda kaya," in ji baƙon, yana murmushi.

Dattijon ya ce, "Iyali fa?"

"Suna tafe, Baba."

"Daga ina maigida ya fito?"

"Daga nesa."

Irin gidan da baƙon ya kwatanta, makullinsa yana cikin aljihun dattijon a lokacin, gidan wani attajiri ne da ya yarda da shi. Ya ce a ransa, "Wannan mutum ba zai taka gidan da yake hannuna ba." Zuwa nan ya yi daidai, ni ma da ina wurin da na yaba masa. Da ya ce babu, ya bar baƙon ya wuce, ya tashi ya kai wa mai unguwa labari, da misalin nan ya ƙare a nan, da kun tafi gida da wuri.

Amma sai wani tunani ya zo masa. Mutumin da bai tambayi kuɗi ba, ba zai yi tayi ba, la'ada za ta fito cif, kason wanda ya tura shi ma zai yi kauri. Ya sake cewa a ransa, "Ai ba ni zan sa shi a gida ba. Ba ni zan miƙa masa makulli ba. Kuma wa ya sani, watakila zato ne kawai nake yi." Ya tuna Magini yana da wani gida na wata tsohuwa gwauruwa, a can gefen daji, wanda ya daɗe ba kowa a ciki. Sai ya ɗaga hannu ya nuna wa baƙon doguwar hanyar da ta miƙe daga kasuwa zuwa ƙarshen gari.

"Ka bi nan, ka tambayi Magini. Ka ce ni na turo ka, kai mutumina ne."

Ba a daɗe ba sai ga Magini ya zo rumfar, fuskarsa cike da fara'a, da kason dattijon a hannu ɗaya, da zakara a ɗaya hannun. Ya ce tsohuwar ta yi ta sa albarka, gama kuɗin hayar nan da shi za ta sayi magani. Ya ce, "Baba, kana da manyan gidaje a hannunka, amma ka tuna da ni. Allah ya sāka maka." Dattijon ya karɓa, ya ce amin. A ranar aka yanka zakaran a gidansa, shi kaɗai ne naman bai yi wa daɗi ba.

Tun daga ranar tsoro ya shiga dattijon, ya zauna. Ya daina bin hanyar ƙarshen gari. In ana hira a rumfa aka ambaci wani da ya fita gona bai dawo ba, ko wani ɗan kasuwa da aka tare a hanya, sai ya tashi wai zai je ya duba wani gida. Abokan sana'arsa suna tsokanarsa, suna cewa tsufa ne ya hana shi zama wuri ɗaya. Yakan yi dariya tare da su.

Ran nan yana ratsa kasuwa sai ya ji an taɓa kafaɗarsa. Ya juya, ga baƙon, ɗauke da burodi mai yawa, wanda ya fi ƙarfin cikin mutum ɗaya, da sabuwar igiya a naɗe a kafaɗa.

Baƙon ya ce, "Baba, ban zo na yi maka godiya ba, ka gafarce ni. Gidan ya yi mini daidai." Sannan ya ƙara, "Ina nan zuwa har gida in gaishe ka. Na san gidan ai, mai jar ƙofar nan, inda jikokinka suke wasa a waje."

Ya rusuna, ya wuce abinsa. Dattijon bai taɓa gaya masa inda yake zaune ba. Ya tsaya a tsakiyar kasuwa, masu kaya suna ta ce masa ya ba da hanya.

Ana nan, wata rana bayan la'asar, rumfa cike da dillalai, sai ga Magini yana ɗingishi, ba fara'a a fuskarsa. Ya gai da kowa, ya durƙusa kusa da dattijon, ya rage murya, amma rumfar ƙarama ce, duk wanda yake ciki yana ji.

"Baba, ba zargi ya kawo ni ba, tambaya ce. Mutumin nan da ka turo mini, hankalina bai kwanta da shi ba. Na bi ta bayan gidan, na tarar an toshe tagar ƙuryar ɗaki da bulo. Daga ciki aka yi aikin, simintin ma bai gama bushewa ba. Wata mai itace kuma ta ce mini ta ji kamar kukan mutum a bayan katangar, da tsakar rana."



Magini ya ci gaba, "Ga abin da na yanke. In ba ka san shi sosai ba, daga nan gidan mai unguwa zan nufa, a tara mutane, a kira hukuma. In kuwa ka san shi, ba zan kunyata mutuminka a idon gari ba. Zan je ni kaɗai, in ƙwanƙwasa, in yi masa magana cikin mutunci, watakila yana da mara lafiya ne da ba ya so a gani. Kai za ka faɗa mini, Baba. Ka san shi?"

Dillalai duk sun zuba wa babbansu ido, mutumin da bai taɓa sa mutumin banza a gidan kowa ba. Shi kuwa abubuwa suna ta giftawa a ransa. Ya ga kansa a gaban hukuma ana tambaya, wa ya turo shi? Ya ga attajiran gari suna aiko a karɓi makullansu ɗaya bayan ɗaya. Ya ga jar ƙofar gidansa, da jikokinsa a waje. Tsoro ya kama shi ta kowane gefe. Ya dubi Magini, ya buɗe baki.

"Na san shi."

Magini ya sauke ajiyar zuciya, har ya yi ɗan murmushi. "To, madalla. Ka gafarce ni, Baba, da na yi shakka." Ya dogara sandarsa, ya miƙe, ya kama hanya.

Hanyar nan doguwa ce, miƙaƙƙiya, daga rumfar ana hangen mai tafiya a kanta har ya yi nisa sosai. Magini kuwa ba ya sauri. Yakan yi 'yan taku, ya tsaya ya gyara sanda, ya ci gaba. Ko tsoho, in ya ɗaga ƙafa, zai cim masa. Ko murya aka ɗaga zai ji. Dattijon ya miƙe tsaye, wani ya tambaye shi ina zuwa, sai ya koma ya zauna. Ya sake miƙewa, har ya fita bakin rumfa. Magini yana can, ya ƙanƙance, amma ana ganinsa. Daidai nan sai ga wani mutum da matarsa sun zo neman ɗaki biyu, suna tambayar rijiya da rufi. Dattijon ya juya gare su, ya amsa musu dalla-dalla, ya ma ja zancen fiye da yadda ya kamata. Da ya sallame su ya ɗaga kai, babu kowa a hanyar.

Kashegari da sassafe wata mace ta zo rumfar, da goyo a bayanta, idanunta sun kumbura. Matar Magini ce. Ta durƙusa a gaban dattijon.

"Baba, maigidana bai kwana a gida ba. Jiya ya biyo ya sha ruwa, ya ce in kwantar da hankalina, wurin mutuminka za shi. Na je na buga ƙofar, ba a amsa ba. Don Allah ka tashi ka kai ni, kai zai buɗe wa, tun da ka san shi."

Dattijon ya dube ta. A gaban dukan dillalai ya ce, "'Yata, ban san shi ba. Ko sunansa ban sani ba."

Matar ba ta yi kururuwa ba. Kallonsa kawai ta yi, kamar ba ta gane yaren da ya yi magana da shi ba.

Mai unguwa ya tara mutane, hukuma ta zo, aka fasa ƙofar. Ba kowa a gidan. An share tsakar gida tas, ƙofar baya da take fita daji a buɗe. A ƙuryar ɗakin mai toshasshiyar taga aka sami tabarmi, da guntayen igiya, da wari. Sandar Magini tana jingine a zaure, kamar ta wanda ya shigo da sallama aka ce masa ya zauna. An bi sawu cikin daji, an yi cigiya gari gari. Ba a ga baƙon ba, ba a ga Magini ba.

Hukuma ta tsare dattijon, ta yi masa tambayoyi, sannan ta sallame shi. Ba shi ya ba da gidan ba, ba shi ya miƙa makulli ba, ba dokar da ta kama shi. Ya koma gidansa lafiya, ba abin da ya taɓa jikokinsa. Ya rayu shekaru bayan haka. Kowace ranar kasuwa matar Magini takan biyo ta rumfar. Ba ta taɓa zaginsa ba. Takan tsaya ta gaishe shi da ladabi, ta ce, "Baba, ko an ji wani labari?" Shi kuma yakan ce, "Ba a ji ba." Har ya mutu amsarsa ke nan.

To, 'yan'uwa, ma'anar wannan misali ita ce wannan.

Dattijon nan ba mugu ba ne irin wanda kuke zato, shi ya sa yake ba ni tsoro. Da ɓarawo ne ko mai kisa, da kun kaɗa kai kun ce Allah ya kiyaye, kun tafi da zuciya fes. Amma mutum ne mai gane mugunta tun daga nesa, mai ƙin ta a gidansa, mai taimakon gurgu. Ni ne, ku ne. Baƙon shi ne duk wata cuta da idonka ya gani, zuciyarka ta ce maka a'a. Magini kuwa shi ne wanda ya daina bincike saboda ya yarda da kai.

Ku dillalan da kuke cikinmu, kada ku ɓata fuska, ba sana'arku nake zagi ba. Tura wa ɗan'uwa ciniki alheri ne, cin kaso a kai kuma ba zunubi ba ne, in abin da ka tura abin da kai ma za ka karɓa ne. Amma in ka ƙi shi don ka hango haɗari, sannan ka lulluɓe shi da sunanka ka aika wa wani, ba ciniki ka tura ba. Ku sauran kuma kada ku yi murna wai yau ta dillalai ake yi. Kai da ka kori yaron shagonka saboda sata, maƙwabcinka ya tambaye ka halinsa, ka ce ba shi da matsala, don dai ya rabu da kai, da kai nake. Ke da kika san akuyarki ba ta da lafiya, kika ba wata ta kai miki kasuwa ba ki gaya mata ba, da ke nake. Da mu dattawan ikkilisiya ma nake, mu da mukan san mutum yana lalata yaran mutane, mu sallame shi a asirce zuwa wata ikkilisiya da kyakkyawar shaida, mu ce mun kare sunan gidan Allah. Sunanmu muka kare. Hukumar duniya tana tambayar wa ya miƙa makulli. Ubangiji yana tambayar wa ya gani ya yi shiru.

Ku lura kuma, sau biyu dattijon ya yi zunubi. Na fari kwaɗayi ne ya sa shi. Na biyu tsoro ne, shi ne kuwa ya ci rai. Ba na raina tsoronsa. In mugu ya kwatanta mini ƙofar gidana, ni ma zan tsorata. Amma tsoro mugun mai ba da shawara ne, kullum yakan ce maka ka biya da ran wani. Ya ji tsoron baƙo, ya ji tsoron hukuma, ya ji tsoron idon abokan sana'a. Wanda ya fi cancanta a ji tsoronsa, shi kaɗai ya manta da shi a rumfar nan.

Akwai gafara, ban hana kowa ita ba. Mai Cetonmu yana karɓar mai tuba ko a numfashinsa na ƙarshe, in dattijon ya nema ya samu. Sai dai gafarar da ya samu ba ta mayar wa 'ya'yan Magini da ubansu ba. Kunya tana wucewa, sana'a in ta rushe ana sake ta, ɗan'uwa kuwa in ya shiga wannan ƙofa ya shiga ke nan.

Saboda haka ba zan ce ku je ku yi tunani ba, tunani ne ya zaunar da mutumin nan. Tun da na fara magana akwai wanda wani suna yake ta kai da kawowa a ransa, na ga yadda wasunku suka sunkuyar da kai. Wanda kake tunawa ɗin nan yana can yanzu, hankalinsa a kwance, don kai ka ce masa ba komai. Bai kai ƙofar ba tukuna. Kada ka jira waƙar rufewa, kada ka jira addu'a, ba wanda zai tambaye ka ina za ka. Tashi ka bi shi.